Maido da Na'urar Hangen Taurari Kan Fili Ɗaya a Darare Daban-daban: Tushen Kuskure da Hanyar Gyara

Hasken ƙurar da ke kewaye da taurarin Kaza da 'Ya'yanta ya yi rauni ƙwarai, sau da yawa dare ɗaya ba ya isa a tattara shi. Sai an ɗauki ɗaruruwan hotuna a darare da dama, a ɗora su kan juna a kwamfuta. Tsabtar hoton kuwa ba ta bin tsawon lokaci sau da ƙafa: kafin ta ninka biyu, sai lokacin ɗauka ya ninka huɗu. Shi ya sa duk gefen da hotunan ba su haɗu a kansa ba, asara ce ta sa'o'i, domin yanke shi za a yi.

Sama ba ta jiran agogo. Duniya tana kammala juyinta dangane da taurari cikin awa 23 da minti 56 da daƙiƙa 4, don haka tauraro yakan riga lokacinsa na jiya da kusan minti 4. Saboda haka alamar da aka yi a jikin mazaunin na'ura ba ta wadatarwa wajen maido da ita kan filin jiya, ga kuma ɗan wasan da ke tsakanin haƙoran giya. Dole ne a daidaita sandar juyawar mazaunin da cibiyar juyawar sama ta arewa. A Kano Tauraron Arewa, wanda ake yin wannan daidaitawa da shi, digiri 12 kacal yake bisa doron ƙasa, inda hazon hunturu ya fi kauri, sau da yawa sai a koma ga auna yadda wani tauraro ke zamewa daga tsakiyar hoto.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a bar taurarin su faɗi inda na'ura take kallo. Manhajar Astrometry.net, wadda Dustin Lang da abokan aikinsa suka bayyana a 2010, tana ɗaukar taurari huɗu-huɗu a hoto, ta nemo siffarsu a kundin taurari, ta fitar da tsakiyar filin da karkatarsa. Manhajar ASTAP ma irin wannan aikin take yi. Ana tantance hoton daren farko a ajiye lambobinsa. Kowane dare a ɗauki hoton gwaji na 'yan daƙiƙu, a auna tazara, a gyara, a maimaita.

Inda aka fi sakaci shi ne karkatar kyamara. A kyamara mai faɗin ɗigo 6248, karkatar digiri 1 tana gusar da gefen hoto da kusan ɗigo 55, alhali tsakiya tana nan daram. Gwamma a bar kyamara a ɗaure har aikin ya ƙare. In ta kama a kwance ta, a juya ta sannu a hankali ana tantancewa, a kuma sabunta hotunan gyaran haske, tunda inuwar ƙurar gilashi ta canza wuri. Juyawar digiri 180 da ke biyo bayan kifewar mazauni, sa'ad da tauraro ya ƙetare tsakar sama, ba ta rage fili; manhajar tarawa tana miƙe ta.