Wasiyya Wajiba: Tarihin Haƙƙin Jika Maraya a Dukiyar Kakansa

A ƙa'idar rabon gado ta mazhabobi huɗu, ɗan mamaci yana katange 'ya'yan ɗan'uwansa da ya riga mahaifinsu rasuwa. Ta haka jika yakan rasa uba, sannan ya rasa rabo a dukiyar kakansa, sai fa in kakan ya yi masa wasiyya daga cikin sulusi. Shekaru aru-aru babu alƙalin da ke sauraron ƙarar irin wannan jika, domin jumhurin malamai suna ganin ayoyin gado na Suratun Nisa'i sun shafe wajabcin wasiyya da ya zo a aya ta 180 ta Suratul Baƙara.

Amma an ruwaito daga wasu tabi'ai, kamar Ɗawus da Hasanul Basari, cewa wajabcin yana nan game da dangin da ba su da gado. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 456 bayan Hijira, ya ƙarfafa wannan ra'ayi a cikin Al-Muhalla, har ya ce wanda ya mutu bai yi wasiyyar ba, dole a fitar da wani abu daga dukiyarsa.

A kan wannan ra'ayi Masar ta dogara a dokar wasiyya mai lamba 71 ta shekarar 1946. Sashe na 76 zuwa na 79 sun ba jikan abin da mahaifinsa ko mahaifiyarsa za su gada da suna raye, muddin bai wuce sulusi ba, kuma kakan bai ba shi kwatankwacinsa kyauta ba. Idan wasiyyar kakan ta gaza wannan adadi, sai a cike masa, kuma haƙƙinsa yana gaba da duk wasiyyar ganin dama. Wannan ya buɗe wa jika ƙofar ƙalubalantar wasiyya a kotu. Siriya ta bi sahu a 1953, Maroko a 1958, Tunisiya a 1959. Maroko ta taƙaita haƙƙin ga 'ya'yan ɗa namiji, sai a 2004 ta haɗa da 'ya'yan 'ya mace. Pakistan kuwa a 1961 ta mayar da jikan magaji kai tsaye, har kotun shari'a ta tarayya ta yanke a 2000 cewa hakan ya saɓa wa Musulunci.

Masu suka sun lura cewa Ibn Hazm bai ƙayyade adadi ba, bai kuma keɓance jikoki ba. Dokar ce ta auna rabon da ma'aunin gado, sai ta haifar da abin da ba a yi zato ba. Misali, mutum ya rasu ya bar ɗa, da 'ya, da 'yar ɗansa marigayi. Idan aka kasa dukiyar kashi 9, jikar za ta ɗauki 3, ɗan ya ɗauki 4, 'yar cikinsa kuwa ta tashi da 2 kacal. Haka kuma dokar tana ba jika mawadaci, ta bar ɗan'uwa matalauci da aka katange.

Malikawan Magrib sun daɗe da sanin tanzili, wato kaka ya saukar da jikansa a matsayin mahaifinsa tun yana raye, a zartar da shi a matsayin wasiyya cikin sulusi. Wannan hanya a buɗe take a ƙasar Hausa, inda ake hukunci da mazhabar Malik. Tarihin dokar Masar ya nuna cewa hukuma ta shiga ne a gurbin da kakanni suka bari. Saboda haka nauyin da ke kan malamai shi ne su tunatar da mai dukiya ya rubuta wa jikansa maraya wasiyya a gaban shaidu kafin ajali ya riske shi.