Shanyewar ɓarin jiki: abin da awon ƙwaƙwalwa ke nunawa

Shanyewar ɓarin jiki, wadda likitoci a Nijar ke kira AVC, tana faruwa ne idan gudan jini ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe. Hawan jini ne babban sanadinta.

Ƙwaƙwalwa ba ta aiki sashe-sashe. Sassanta suna aika wa juna saƙo ta hanyar ƙaramar lantarki, kamar garuruwan da hanya ɗaya ta haɗa. Idan gada ta karye tsakanin Madawa da Buza, har Keita sai ta ji a jikinta. Shi ya sa rauni a wuri ɗaya kan taɓa magana, hannu da tafiya gaba ɗaya.

Sikana ita ce awon farko: tana bambanta toshewa da zubar jini, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Na'urar IRM tana nuna raunin dalla-dalla. Awon EEG kuwa aikin ƙwaƙwalwar yake bi. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara yin sa a kan mutum a 1924. Ana manna ƙananan wayoyi kusan 20 a fatar kai; ba sa saka lantarki a jiki, saurare kawai suke yi.

Ƙwaƙwalwar mai lafiya da ke hutawa ido rufe tana bugawa sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa. A sashen da ya ji rauni, bugun kan sauka ƙasa da 4. Bincike ya nuna cewa idan bugu mai nawa ya yi yawa, warkewa takan yi wuya. Idan ya ragu, alama ce ta samun sauƙi. EEG yana kuma gano farfaɗiyar da kan biyo bayan ciwon.

Ga mazauna Madawa, Buza da Keita, matakin farko shi ne asibitin gunduma, wanda zai tura maras lafiya Tawa, Maraɗi ko Yamai. Daga Madawa zuwa Yamai kusan kilomita 500 ne, alhali allurar narkar da gudan jini tana da amfani ne cikin awa huɗu da rabi na farko.

Saboda haka awon da ya fi gaggawa yana hannun iyali. Idan baki ya karkace, hannu ya yi sanyi ko harshe ya yi nauyi, a lura da lokacin da abin ya fara, a nufi asibiti nan take. Kada a ɗura wa maras lafiya ruwa ko jiƙo, don yana iya shaƙewa.

Bayan an sallame shi, motsa jiki kullum yana taimaka wa ƙwaƙwalwa ta buɗe sababbin hanyoyi. An fi samun sauƙi a wata ukun farko.