Wa Ya Cinye Mana Tsakar Gida?

'Yan uwana mata, duk inda muka taru a gidan biki ko suna, hirarmu ba ta wuce tsadar kayan miya, da halin maza, da 'yan siyasar da suka karɓi ƙuri'a suka yi layar zana. Amma akwai wata hirar da muke yi kullum ba mu ba ta suna ba. Wannan ta ce ɗakinta da azahar kamar tanderu, waccan ta ce ba ta da inda za ta ɗaura igiyar shanya, wata kuma ta ce in baƙon maigida ya zo sai ta maƙale a uwar ɗaka har ya tafi, ko tuwo na ƙonewa. Duk maganar gini ce wannan. Ni kuwa a ganina maganar gini da ta mulki uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Mu fara daga nesa. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan sarautar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kuma faɗaɗa badala. Tarihin Kano ya nuna a zamaninsa ne aka fara kulle. To kun ga tun can mai mulki ne ya fara yanka yadda mace za ta zauna, magini ya biyo baya da tubalinsa. Sai dai in an faɗi gaskiya, maginan da suka biyo bayan nan sun san akwai mace a cikin gidan, kuma saboda ita suka tsara shi.

Ku tuna gidan kakanninmu. Soro yana bakin hanya, nan maigida yake shimfiɗa buzunsa, nan baƙo yake tsayawa ya yi sallama, nan almajirai suke karatu. Ƙofar soro ba ta taɓa kallon ƙofar ciki kai tsaye, sai an karkace, don kada idon mai wucewa ya faɗa ciki. Daga nan sai shigifa, sannan tsakar gida. Allah Sarki tsakar gida! Nan turmi yake, nan rijiya, nan murhu, nan ake tankaɗe da sussuka da kitso, nan ake wankan jego, nan ake kwana a kan tabarma in bazara ta matsa. Mace tana kulle amma tana ganin sama, iska tana dukanta, tana ajiye mayafi ta ɗaura zani ta yi aikinta ba mai ganinta. Kuma a nan take neman kuɗinta: ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, fura, ɗanwake, ɗinkin hula. Kayan ɗakin 'ya'ya mata da yawa, tasoshi da kumbuna da gado mai rumfa, daga ribar tsakar gida suka fito. Kowace mata da ɗakinta, maigida da turakarsa. Ba a ce kishi ba ya nan ba, yana nan daram, amma akwai filin da za a kauce wa juna.

Kayan aikin ma duk na gida ne. Ƙasa daga bayan unguwa, tubali da hannu ake murza shi, azara daga giginya wadda gara ba ta ci, makuba daga ɗorawa don kada ruwa ya zaizaye bango. Bango mai kauri yana riƙe sanyi da rana, ya saki ɗumi da dare a lokacin hunturu. Wanda yake ganin ginin ƙasa na talaka ne, ya tambayi Zazzagawa labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'ar Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, da ƙasa da azara ya ɗaura bakan da har Turawa suka riƙa zuwa kallo. Ba kuma zan yi muku ƙaryar cewa ba shi da wahala ba. Duk shekara sai an yi yaɓe kafin damina, indararo ya toshe rufi ya jiƙe, a watan Agusta katanga ta faɗo wa mutane, ga taga ƙarama kamar ta tantabara, ga kunama.

A 1903 Turawa suka ci Kano. Da farko su ma ginin ƙasa suka shiga. Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna ya buɗe makaranta a 1909, ginin ƙasa ne. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, kwanon rufi da siminti suka sami hanya. A 1917 aka yi dokar da ta raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, har da filin yadi 440 a tsakani da ba a yarda kowa ya yi gini ba, wai don sauro. Gidan Bature kuwa juyin namu ne: ɗakuna a dunƙule a tsakiya, fili da furanni a waje, kicin da ɗakin boyi can baya. Ya yi masa daidai, don matarsa ɗaya, ba ta daka, ba ta kulle, kuku ke dafa mata.

Da aka sami 'yanci a 1960, manyan ma'aikatanmu suka gaji gidajen nan, suka gaji zanen ma. Sai aka ɗauko 'yar cikin birni aka sa ta a gidan da tsakar gidansa take a waje. Ta ina za ta yi tankaɗe? Maganin da aka samo shi ne doguwar katanga da fasassun kwalabe a kai da ƙaton get, ga maigadi a ciki, shi ma namiji, dole dai mayafin.

Sai kuɗin fetur ya zo, ga na Udoji a aljihun ma'aikata. A 1975, ƙarshen mulkin Gowon, an yi odar siminti har jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a tashar Ikko wata da watanni, wani simintin ya daskare a cikin jirgi. Daga lokacin bulo da kwano suka zama shaidar arziki. Mu kanmu mata mun taya, don budurwa ta fi son a ce gidan siminti za a kai ta, ko da ciki da falo ne a gidan haya mai banɗaki ɗaya.

Gidajen Shagari su ne suka fi ba ni tausayi, don niyyar mai kyau ce. Gwamnatinsa ta 1979 zuwa 1983 ta yi alkawarin gida 40,000 duk shekara, 2,000 a kowace jiha da Abuja, mafi yawansu masu ɗaki ɗaya don talaka. Ba a kai ko kusa ba. A jihohin da 'yan adawa ke mulki aka yi ta ja-in-ja a kan fili, wasu gidajen aka kai su bayan gari inda babu ruwa babu mota. Kuma zane kusan iri ɗaya aka bi daga kudu har arewa, babu soro, babu tunanin mai mata biyu da 'ya'ya goma. Da an tara matan aure biyar an tambaye su, da sun faɗa kafin a haƙa harsashi. Ku duba irin unguwannin nan yau: kowa ya zagaye nasa da katanga, ya ƙara ɗaki, ya kafa rumfar kwano a baya aka sa murhu. Mutane sun mayar da tsakar gidan da hannunsu da kuɗinsu.

Abin da ya rage kuma fili ya cinye. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, fuloti ya zama abin rabo ga wanda ya iya kusantar gwamnati. A cikin birni gado ya yi ta yanka gida, soro ya koma shago, tsakar gida ta koma ɗakin ango. Kududdufan da aka haƙi ƙasar gini, waɗanda suke shanye ruwan sama, aka cike su da shara aka yi gini a kai, ruwan ya rasa wurin zuwa sai ɗakunanmu, mu ke kwana da bokiti muna kwalfewa. Badalar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu ma ba ta tsira ba. A Yunin 2023 sabuwar gwamnatin Kano ta rushe gine-ginen da ta ce wadda ta gabata ta sayar da filayensu ba bisa ƙa'ida ba, har da shagunan Filin Idi. Aka yi ta cacar baki a rediyo, aka je kotu, wannan ɓangare ya ce gyara ne, wancan ya ce ramuwa ce. Na saurara sosai, duk lissafin shago nawa ne da biliyan nawa.

Sababbin gidajen da ake kai amare yanzu, an malale harabar da intalok saboda mota, ba bishiya ko ɗaya, kicin ɗin tsukuku a maƙale da falo. In gas ya ƙare, sai amarya ta ɗauki kurfoti ta zagaya lungun da ke tsakanin bango da katanga, wanda faɗinsa bai wuce taku biyu ba, ta hura gawayi a gefen janareta.