Lokacin da Adireshi Ya Ƙare wa Kwamfuta

A shekarun da Windows XP ke tashe a shagunan buga takardu na Yawunde, daga Birketiri har Nkomkana, akwai ƙorafin da masu gyara suka sha ji. Mutum ya sa ram na giga 4, ya kunna, allo ya nuna masa uku da ɗan ɗoriya, sai ya ɗauka an cuce shi a kasuwa. Ram ɗin lafiyarsa ƙalau. Lambobin adireshi ne suka gaza, don katin hoto da sauran kayan ciki sun riga sun kama nasu kaso.

Kowane gurbi a ƙwaƙwalwar kwamfuta da lambarsa, kuma manhaja ba ta isa inda babu lamba. Intel 8086 ta 1978 megabait 1 kaɗai take iya ƙirgawa, a ciki IBM ta bar wa DOS da manhajojinsa kilobait 640 a 1981. Da 80386 ta zo da bit 32 a 1985, iyaka ta koma giga 4, aka zaci an huta.

Windows NT ya raba wannan fili na giga 4 biyu, rabi nasa, rabi na manhaja. Daga giga 2 ɗin nan ake yankar tsibin da manhaja ke ɗiba tana cikin aiki. Abin da ya fi ciwo, a ganina, shi ne filin ba a haɗe yake ba: fayilolin DLL, wato guntayen da manhaja ke lodawa, sun zauna nan da can, kamar ɗakunan da aka warwatsa a tsakiyar fuloti. Shi ya sa manhajar Java, mai son tsibinta a dunƙule, da ƙyar take samun giga ɗaya da rabi.

A 1997 Microsoft ya kawo mafita a NT 4.0 Enterprise. A rubuta /3GB a fayil ɗin boot.ini, manhaja ta samu uku, muddin an yi mata alamar cewa za ta iya ɗauka. Windows kansa kuwa ya takure a giga 1, wasu injinan suka riƙa tangal-tangal. Linux tun da wuri uku da ɗaya yake rabawa. Dabarar PAE ta Pentium Pro, a 1995, ta buɗe ƙofar ram har giga 64, amma ba ta ƙara wa manhaja guda ko taku ɗaya ba.

Sai a Afrilun 2003 AMD ta fitar da Opteron mai bit 64. Windows mai bit 64 ya fara ba kowace manhaja mai bit 64 tirabait 8, ya ɗaga zuwa 128 a 2013. Tsohuwar manhaja mai bit 32 da ke da waccan alama yanzu tana samun giga 4 cif. Wadda ba a yi wa alamar ba har yau tana nan a biyunta, ko da ram ɗin injin ya kai giga 32.