Daga Mawashi Zuwa Inji: Tarihin Wasa Wuƙa Da Shawara Ga Matasanmu

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne wata tambaya da samari suka dame ni da ita a rumfata. Kusan kowace Alhamis, ranar da kasuwarmu ke ci, sai wani ya zo ya ce, "Baba, wane inji zan saya in riƙa gyara wuƙa?" Wasu sana'a suke nema, wasu kuwa sha'awa ce kawai, sun ga Turawa na ƙera wuƙaƙe a waya su ma suna so su gwada. To, ni ba maƙeri ba ne, ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan ƙarfe, amma na daɗe tare da maƙera. Kafin in ba da amsa bari mu waiwaya baya, domin wanda bai san inda aka fito ba, da wuya ya san abin da zai saya.

Da farko dai washi ya girmi ƙarfe a wannan ƙasa. Manomanmu kan tsinci wani dutse mai sulɓi a gona, wanda muke kira gatarin aradu. Masana sun tabbatar aikin hannun mutanen da ne, sun goga dutse a kan dutse har ya yi baki. A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumin yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, cikin ƙasar Jaba, nan kudu da mu. Daga baya wani Bature mai suna Bernard Fagg ya bi diddigin abin, har a shekarun 1960 ya tono matoyan narka tama a Taruga, kusa da Abuja ta yanzu. Bincike ya nuna an yi aiki da su ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ke nan ƙasar da muke zaune a kai ta fi shekara 2,000 da sanin ƙarfe.

Mu ma ta wajenmu labarin ke nan. Tarihin Kano ya nuna cewa maƙera ne daga Gaya suka zo gindin Dala neman tama, suka zauna. A garuruwan Hausa akwai Sarkin Maƙera, kuma an raba sana'ar biyu: maƙeran baƙi masu fartanya da gatari da wuƙa, da maƙeran fari masu awarwaki da zobba. Da kakanninmu suka biyo fatauci suka zauna a nan cikin Adara da Gbagyi, sun tarar su ma suna da maƙeransu, aka yi ta ciniki da juna. Lauje dai bai san yaren mai riƙe da shi ba.

A wancan zamani aikin wuƙa kusan duk a kan uwar maƙera yake ƙarewa. Yaro na zuga, maƙeri ya kama ƙarfe da awartaki, ya yi ta dukansa da masaba har bakin ya yi siriri, don da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Sa'an nan ya shayar da shi, wato ya gasa shi ya yi ja ya tsoma a ruwa ko mai don ya yi tauri, ya kuma ɗan ɗumama shi kaɗan don kada ya riƙa ɓallewa. Abin da ya rage sai mawashi da ruwa da haƙuri. Ku riƙe wannan maganar ta shayarwa, za mu komo kanta.

Canji na farko jirgin ƙasa ne ya kawo shi. Dogo ya isa Kano a 1911, kuma a wajen 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar jirage. Ƙarfen Turai ya shigo da araha, aka bar wahalar haƙar tama da narka ta. Maƙera suka koma kan tsohon ƙarfe, musamman sifirin ɗin mota, wanda har gobe shi ne abin yin adda da barho. Magagari na kanti ya wadata, haka nan wuƙaƙen waje irin su Okapi, wadda aka fara yi a Jamus a 1902. Dutsen washi ma ya zama na masana'anta, tun da wani Ba'amurke, Edward Acheson, ya gano yadda ake haɗa wani sinadari mai tsananin tauri a 1891. Ina yaro na ga mai washi da kekensa, yana taka feda dutse na juyawa, muna tsaye muna kallon tartsatsi. Daga nan wutar lantarki da janareta suka zo, masu walda suka cika bakin titi da giranda, yau ga mu a zamanin inji mai bel.

To, ina matsalar take? Sauri ya haifi nawa. Shekarun baya, ana jibi Babbar Sallah, na ba wani yaro wuƙar yanka da na gada daga mahaifina ya kai washi. Ya kai wa wani mai walda, shi kuwa ya ɗora mata giranda ta hannu. Da aka dawo da ita tana walƙiya kamar madubi, amma bakinta ya yi shuɗi. Ranar layya ko wuyan rago ba ta gama ba ta dakushe, sai aro na yi a maƙwabta. Abin ya dame ni ƙwarai, domin tun muna Islamiyya aka karantar da mu cikin Arba'una Hadisi cewa an umurci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar. Wani tsohon maƙeri ne ya warware mini. Ya ce zafi ya cinye shayarwar. Ƙarfe in ya kai zafin digiri 200 da ɗoriya sai ya yi ruwan ɗorawa, in ya kusa 300 ya yi shuɗi, kuma da zarar bakin wuƙa ya yi shuɗi to ya yi taushi, sai an sake kai shi wuta. Baki kuwa siriri ne, cikin ƙiftawar ido yake ƙonewa.

Da wannan ma'auni za mu duba injinan nan uku da ake samu a Panteka da sauran kasuwannin Kaduna. Na ɗaya ita ce giranda ta hannu. Ita ce mafi araha, kuma tana da amfani wajen yanka sifirin da fitar da siffar wuƙa kafin a shayar. Amma ƙaramarta kan juya wajen sau 11,000 a minti ɗaya, saboda haka kada a kusantar da ita ga bakin wuƙar da aka gama. Na biyu shi ne mai dutse biyu da ake ɗaurewa a benci, mai juyawa kusan sau 3,000 a minti. Ya dace da gatari da fartanya, sai dai yana ƙwaƙule gefen wuƙa, kuma shi ma yana ƙonawa in ba a tsoma ƙarfen a ruwa a kai a kai ba. Na uku shi ne mai bel na samfefa. Shi ya fi dacewa da wuƙa, domin yana ba da gefe shimfiɗaɗɗe, kuma ana sauya bel daga mai kaushi, lamba 36 ko 60, zuwa mai laushi, lamba 220 ko 400. Maƙeran Amurka sun fi amfani da mai faɗin inci 2 da tsawon inci 72, masu koyo kuma ƙarami mai inci 1 da 30.

Amma kafin ka zaro kuɗi, ɗana, tambayi kanka abu uku. Shin ana samun bel ɗinsa a Kaduna? Inji ba bel kwalliyar ɗaki ne. Shin wutarka za ta ja shi? Mota mai ƙarfin doki ɗaya tana cin wajen wat 750, kuma a lokacin tashi tana jan ninkin haka, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. Shin na wace ƙasa ne? Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, in ka sayi na gwanjo ba ka duba ba, ranar farko zai yi hayaƙi. In ka sami wanda ake rage masa gudu, shi ne na ƙwarai ko da ya fi tsada. Araha ba ta ado.

Sai kuma lafiyar jiki. A birnin Shefil na Ingila, wanda ya shahara da wuƙaƙe, masu washi a busasshen dutse cikin ƙarni na 19 da yawansu ba su kai shekara 40 ba, ƙurar dutse da ta ƙarfe ta lalata musu huhu. Don haka a sa tabarau, a rufe hanci, kada a cire murfin dutse, kuma a naɗe hannun riga. Ido ba ya da na canji a kasuwa.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya soma da magagari biyu da mawashi da bokitin ruwa, ya je ya durƙusa gaban maƙeran da suka rage mana, ya yi musu zuga ko na wata uku ne. In hannunsa ya faɗa, sai ya sayi mai bel gwargwadon ƙarfinsa. Kowane inji ya saya kuwa, kaifin ƙarshe a kan dutse da ruwa za a yi shi, kamar yadda kakanni suka yi. Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiya su duba yiwuwar haɗa kuɗi a sayi inji ɗaya mai kyau, a ajiye a hannun wani dattijon maƙeri, yara su riƙa koyo a ƙarƙashinsa.

Allah Ya sa wa sana'o'inmu albarka, Ya zaunar da garinmu lafiya, amin. Wassalam.