FRANCIS SUMNER DA ƁERAYEN DAJI: TARIHIN WANI BINCIKE A KAN GADO DA MAZAUNI

Gabatarwa

Tun ba yau ba makiyaya da mafarauta suka san cewa dabbar da ke zaune a wata ƙasa takan bambanta da 'yar'uwarta ta wata ƙasa, ko dai wajen launi, ko girma, ko tsawon gaɓoɓi. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne mafarin wannan bambanci. Shin zafi da sanyi da irin cimakar wurin su ne ke sāke dabba, har ta haifi 'ya'ya da wannan sabuwar kama? Ko kuwa bambancin gado ne, mazauni ba ya yin kome sai tankaɗe, wato ya bar wanda ya dace da shi ya rayu ya hayayyafa? Wannan takarda za ta bi tarihin wani masanin halittu na ƙasar Amurka, Francis Sumner, wanda ya share wajen shekara 17 yana neman amsar wannan tambaya a jikin ɓerayen daji, kuma a ƙarshe ya sami amsar da ba ita ya fita nema ba.

Zamanin da ya taso

An haifi Francis Bertody Sumner a shekarar 1874 a jihar Konetikat, ya kuwa sami digirinsa na dakta a Jami'ar Kolombiya ta birnin Niyok a 1901, inda ya yi nazari a kan yadda kifi ke ginuwa a cikin ƙwai. A lokacin nan kan masana ilmin halittu a rabe yake. Tun 1809 wani Bafaranshe mai suna Lamarck ya kawo ra'ayin cewa duk wani sauyi da dabba ta samu a rayuwarta tana iya gadar wa 'ya'yanta. A 1859 kuma Charles Darwin na Ingila ya ce halittu na sākewa ne sannu a hankali, ta hanyar tsirar waɗanda suka fi dacewa da mazauninsu. Sai ga shi a 1900 an tono aikin Gregor Mendel, wanda ya buga tun 1866, mai nuna cewa ana gadon siffofi ne ta wasu ƙwayoyi tsayayyu, waɗanda ba sa narkewa cikin juna.

Daga nan aka sami ɓangare biyu. Mabiya Mendel, waɗanda ke aiki a ɗakunan gwaji da ƙudaje da tsirrai, da yawansu suna ganin sabon jinsi kan ɓullo ne kwatsam, ta wani babban sauyi guda. Su kuwa masu yawon daji, waɗanda ke tara fatu da ƙasusuwa, abin da idonsu ke gani shi ne bambanci ƙanana-ƙanana masu bin yanayin ƙasa, saboda haka da dama daga cikinsu suka karkata ga Lamarck. Kowane ɓangare yana ganin ɗayan bai san dabba ba. Sumner yana tare da masu yawon daji.

Gwajin farko

Daga 1903 zuwa 1911 Sumner ya shugabanci ɗakin binciken hukumar kifi ta Amurka a Woods Hole. A can ne ya fara kiwon fararen ɓeraye, wasu a ɗaki mai ɗumi, wasu a ɗaki mai sanyi. Da ya auna su, sai ya tarar na ɗakin ɗumi sun fi tsawon wutsiya da ƙafa da kunne. Ya kuma ga kamar akwai ɓurɓushin wannan bambanci a jikin 'ya'yansu. Wannan ya ƙara masa ƙarfin gwiwa a kan ra'ayin Lamarck, amma shi da kansa ya san hujjar ba ta yi ƙwari ba, kuma ɓeran keji ba ɗaya yake da ɓeran daji ba.

Gidan ɓeraye a bakin teku

A 1913 William Ritter, shugaban cibiyar binciken halittu ta Scripps da ke La Jolla a jihar Kalifoniya, ya ɗauke shi aiki, ya kuma ba shi damar ya yi bincike mai dogon zango. Sumner ya zaɓi wani ɓeran daji da masana ke kira Peromyscus, wanda ya bazu a ko'ina cikin Amurka ta Arewa, kuma kowane yanki da irin nasa. Na Eureka, inda ake da hazo da ruwan sama da duhuwar itatuwa, baƙi-baƙi ne mai doguwar wutsiya. Na Victorville, cikin hamadar Mohabi, fari-fari ne mai launin ƙasa. Na Berkeley da La Jolla suna tsaka-tsaki.

Dabarar da ya yi mai sauƙin fahimta ce, sai dai tana son haƙuri. Ya kama ɓeraye da rai daga waɗannan wurare, ya kawo su wuri ɗaya, suna shaƙar iska ɗaya suna cin abinci ɗaya, ya bar kowane iri yana hayayyafa a tsakaninsa. In dai yanayin ƙasa ne ke rina su, to, lalle jikoki da tattaɓa-kunnen ɓeran hamada su riƙa duhu a bakin teku, har su yi kama da 'yan gari. Bai kuwa dogara ga ganin ido kawai ba. Yakan auna tsawon jiki da wutsiya da ƙafa da kunne, ya shimfiɗa fatar ya busar, sa'an nan ya gwada haskenta da na'ura, ya rubuta kome da lamba.

Aka yi shekara da shekaru, zuriya na bin zuriya, ɓeran hamada bai bar haskensa ba, na Eureka bai bar duhunsa ba. A 1924 Sumner ya buga sakamakon, ya bayyana cewa siffofin nan ba su gushe ba ko da aka sauya wa dabbobin mazauni. Ashe barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gwajin da ya tsara da hannunsa shi ne ya raunana ra'ayin da ya fi so.

Daga Lamarck zuwa Mendel

Saura tambaya ta biyu: in gado ne, wane irin gado? Da ya haɗa iri biyu barbara, 'ya'yan sukan fito tsaka-tsaki, ba irin rabuwar nan ƙarara da Mendel ya gani a jikin wake ba. Da farko Sumner ya ɗauka gadon gauraya yake yi, kamar a zuba nono cikin ruwa. Amma tun 1909 wani masani ɗan Suwidin, Nilsson-Ehle, ya nuna a jikin alkama cewa idan ƙwayoyin gado da yawa suka taru a kan siffa ɗaya, kowace da ɗan nata tasiri, to, sakamakon yakan yi kama da gauraya, ko da yake kowace ƙwaya na bin ƙa'idar Mendel. Alamar da ake gane haka da ita ita ce jikoki su fi 'ya'ya bambanta da juna.

A 1924 Sumner ya tafi jihohin Filorida da Alabama, inda wani ɗan'uwan wannan ɓera ke zaune. Na cikin ƙasa, inda ƙasar gona ke da duhu, launinsa duhu ne. Na tsibirin Santa Rosa kuwa, inda rairayi ke fari fat, shi ma kusan fari ne. Ya bi ƙasar daga gaɓar teku zuwa ciki yana ɗana tarko, yana lura da inda wani iri ke shiga wani, sa'an nan ya kwaso su zuwa La Jolla ya haɗa su. A cikin jikokinsu ya ga alamar nan ta yawan bambanci a fili, ya kuma ga sassan launi suna rarrabuwa daban-daban. A rubuce-rubucensa na 1929 da 1930, da babban littafin da ya tattara aikin duka a 1932, ya amince cewa bambancin da ke tsakanin irin wani yanki da na wani ya ginu ne a kan ƙwayoyin gado masu yawa irin na Mendel, kuma launin da ya dace da ƙasa yana iya zama kariya daga maƙiya.

Muhimmancin wannan shi ne ya haɗa ɓangarorin nan biyu masu gaba. Ya nuna cewa ƙananan bambance-bambancen da mai yawon daji ke gani, da ƙwayoyin da mai ɗakin gwaji ke lissafawa, abu ɗaya ne. Masana irin su Sewall Wright da Theodosius Dobzhansky, waɗanda suka daidaita ra'ayin Darwin da na Mendel a shekarun 1930, sun kafa hujja da aikinsa.

Yadda aikin ya tsaya

Ba ƙarewar tambayoyi ce ta tsayar da binciken ba. A 1924 aka yi wa cibiyar sabon shugaba, a 1925 kuma aka mayar da ita cibiyar nazarin teku zalla. Ɓeran hamada ba shi da gurbi a sabon tsari. Wajen 1930 Sumner ya miƙa ɓerayensa ga Lee Dice na Jami'ar Mishigan, ya koma kan kifi. Duk da haka bai saki tambayarsa ba. A 1934 da 1935 ya gwada wasu ƙananan kifaye masu haske da masu duhu a cikin kwatarniya fara da baƙa, ya sakar musu tsuntsaye masu cin kifi, ya tarar wanda launinsa ya saɓa wa kwatarniyar shi aka fi cinyewa. An zaɓe shi cikin Majalisar Kimiyya ta Ƙasa a 1937. Ya rasu a La Jolla a 1945, shekarar da littafin tarihin rayuwarsa ya fito.

Magada

Dice ya ɗora daga inda aka tsaya. A 1947 ya buga gwajin da ya yi da mujiyoyi a ɗaki mai duhu, inda ya nuna sun fi kama ɓeran da launinsa bai dace da ƙasar da yake kai ba. A 2006 kuma wata masaniya, Hopi Hoekstra, wadda a lokacin take koyarwa a jami'ar da ke La Jolla ɗin nan, ita da abokan aikinta suka gano cewa sauyin harafi ɗaya tak a cikin wata ƙwayar gado mai suna Mc1r yana cikin abin da ya haskaka ɓeran Santa Rosa. Daga baya aka ga wata ƙwayar, Agouti, ita ma tana da babban rabo. A 2010 suka ƙera ɓerayen roba masu haske da masu duhu suka ajiye a daji, maƙiya kuwa suka fi kai wa waɗanda suka saɓa wa ƙasa hari.

Wannan ya tabbatar da maganar Sumner, ya kuma yi mata gyara. Gadon na Mendel ne, launi kuma kariya ne, amma ƙwayoyi 'yan kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin, ba tuli masu ƙaramin tasiri ba kamar yadda ya zata.

Kammalawa

Darajar Sumner a tarihin kimiyya ta fito ne daga yadda ya tsara gwajin da zai iya ƙaryata shi, ya jira shekaru, sa'an nan ya faɗi abin da ya gani a bainar jama'a. Wannan abin koyi ne ga ɗalibi. Ga ma'aikacin hukuma kuwa, wanda a teburinsa ake yanke shawarar abin da za a kashe wa kuɗi, akwai wani abin lura: shugaba ɗaya ya ba wannan bincike wuri ya yi saiwa, sauyin manufa ɗaya kuma ya tumɓuke shi, har sai da aka yi fiye da shekara 70 kafin a kai ga ƙwayoyin da Sumner ya hango.