Takadda: Garin Da Jan Ƙarfe Ya Zama Kuɗi

Arewa maso yammacin Agadas, bayan an wuce Ingal, akwai wani fili da ake kira Azelik. Yau matafiyi zai tarar da 'yan maɓuɓɓugan ruwa, da tarin duwatsun gini da suka zube, da maƙabartu. Amma yawancin masana tarihi sun yarda cewa nan ne Takadda, garin da matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a shekarar 1353 bayan ya baro Gao.

Asalin arzikin wurin daga duwatsun Abzin yake. Shekaru miliyoyi ruwa yana wanke waɗannan tsofaffin duwatsu, yana gangarowa yamma da yashi da laka, yana jibge su a kwarin da masana ƙasa ke kira Tim Mersoi, har suka daskare suka zama shimfiɗu, wani bisa wani. A irin waɗannan shimfiɗu ne aka tono ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare tun kafin ɗan Adam, kusa da Ingal. Ruwan bai zo da yashi kaɗai ba, ya zo da narkakken ƙarfe, wanda ya maƙale a wasu siraran shimfiɗu masu farar ƙasa. Abin da ya bambanta Azelik shi ne, a nan ana samun jan ƙarfe tsantsarsa, ƙwaya-ƙwaya a cikin dutse. Ba wani babban rami ake tonawa ba. A fasa dutsen, a daka, a niƙa, a tsince ƙwayoyin, sannan a narka.

Ibn Battuta ya ga aikin da idonsa. Ya ce gidajen garin da jan dutse aka gina su, ruwan sha kuma ya sauya launi da ɗanɗano saboda ƙarfen da yake ratsawa. A bayan gari ake haƙo dutsen, a kawo shi cikin gidaje, bayi maza da mata su narka, su zuba shi sanda-sanda, tsawon kowace taƙi ɗaya da rabi. Masu kauri ana ba da 400 a kan miskalin zinariya guda, sirara kuwa 600 ko 700. Su ne kuɗin kasuwa: da sirara ake sayen nama da itacen girki, da masu kauri ake sayen gero da alkama da man shanu, har da bayi. Wannan na ƙarshe yana da ɗaci, domin hannun bawa ne ya ƙera kuɗin da za a sayi ɗan'uwansa da shi. Ayarin da Ibn Battuta ya bi zuwa Tuwat ma yana ɗauke da bayi mata kusan 600.

Ga mai karatu Bahaushe, akwai wuri ɗaya a labarin da ya fi jan hankali. Matafiyin ya ce ana kai jan ƙarfen Takadda Barno, tafiyar kwana 40, da kuma wata ƙasa da ya rubuta "Kubar", wadda masana da dama ke ɗauka Gobir ce. Idan haka ne, wannan na cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambaci wata ƙasar Hausa da sunanta. Hanyar ba ƙarfe kaɗai ta ɗauka ba: a ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya zauna a Takadda yana karantarwa kafin ya iso Kano zamanin Muhammadu Rumfa.

An daɗe ana gardama kan ko jan ƙarfen ya taɓa wanzuwa a Takadda. Henri Lhote, Bafaranshe masanin Sahara, ya ga ƙasar ba ta nuna alamar babbar mahaƙa ba, sai ya karkata ga cewa gishiri ne arzikin garin. A shekarun 1970 Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer suka bincika Azelik, suka tarar da duwatsun niƙa, da gutsattsarin tukwanen narka ƙarfe, da ɗigon jan ƙarfe warwatse a ƙasa, da kufan masallatai. Mahaƙar ƙarama ce, shi ya sa ta ɓace wa mai neman rami mai zurfi. Yawan hannuwa da matsayin garin a mahaɗar ayari su suka ɗaukaka ta. Binciken Danilo Grébénart a yankin Agadas kuma ya nuna an narka jan ƙarfe a can ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa.

Da Agadas ta yi ƙarfi, Takadda ta yi ƙasa. Labarin baka ya ce yaƙi da Sarkin Agadas ne ya watse garin, waɗanda suka tsira suka koma Ingal da Tigiddan Tesemt, suka kama dabino da gishiri. Zuriyarsu, Isawaghen, har yanzu suna jiƙa ƙasa mai gishiri a ƙananan tafkuna su bar rana ta shanye ruwan, suna magana da Tasawak, harshen da ya haɗa harshen Songhai da Buzanci.

Shimfiɗun da suka riƙe jan ƙarfe sun riƙe yuraniyom ma. A 2007 aka kafa kamfanin SOMINA, haɗin gwiwar Nijar da Sin, domin haƙo shi a Azelik. An fara fitar da shi wajajen 2011, amma bayan 'yan shekaru aikin ya tsaya.